Bargon da Ozella Ta Manna a Juye

Gonar Pruitt, Kentucky
Watan Fabrairu

Zuwa ga 'yata Renita,

Gaisuwa mai yawa daga tsohon ubanki. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da amaryarmu Shelby, kuma ciwon bayan nan ya sake ki. Ni ƙalau nake, sai gwiwa, ita kuwa ta daɗe da zama 'yar gida. Mamanki ma tana nan, tana cin abinci, ma'aikatan gidan tsofaffin suna kyautata mata.

Na rubuto ne saboda a waya ba na ji sosai, ke kuma ba kya bari in kai aya. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san ban yi nisa a makaranta ba kakanki ya cire ni ya sa a gonar taba.

Kin tuna shekarar ƙanƙarar nan da ta karya turakun lantarki, muka tare a kicin muna kwana a gindin murhu? To a sanyin nan ne yatsun mamanki suka sandare, ta kasa maƙala fil. Da can in za ta haɗa bargo sai ta shimfiɗa shafi a ƙasa, ta ɗora auduga, ta ɗora fuskar da ta haɗa da ƙyallaye, ta bi su da fil ɗaya bayan ɗaya har gwiwarta ta yi kanta, sannan ta kai keken ɗinki. Da yatsu suka ƙi, sai ƙawarta Velma ta kawo mata gam na feshi a gwangwani. Na yi mata tsiya, na ce bargon da aka liƙe kamar ambulan ai ba bargo ba ne. Ta ce tunda bakina na da ƙarfi, in zo in riƙe kusurwa. Tun ranar riƙe kusurwa ya zama aikina. Mu wangale ƙofar gareji saboda wari, ta naɗe rabi, ta fesa, ni in ɗaga kusurwa biyu ina saukewa a hankali, ita tana bi da tafin hannu tana shafewa daga tsakiya zuwa baki.

Bargon auren Shelby ma haka muka yi shi, a kakar da ta wuce, taba na rataye a rumbu. Ga abin da ba ki sani ba. Shafin shuɗi ne mai ƙananan furanni farare. Ka'ida a kife shi, furannin su dubi ƙasa, don in an gama su fito a bayan bargo. Mamanki ta shimfiɗa shi furanni na kallon rufi. Na ce, "Ozella, anya ba a juye yake ba?" Ta ɗago ta harare ni ta ce, "Delmer, kai za ka koya mini? Riƙe kusurwarka." Na riƙe. Ta fesa, ta shafe shi sumul, babu ko ƙwayar tattara ɗaya. Furannin suka shige ciki, kodadden gefen ya zama baya. Ba a daɗe ba ta je sayen madara ta kasa gane hanyar gida, sauran kuma kin sani.

Yanzu abin da ya rage a bi shi da keke. Na naɗe shi na kai wa Velma, tunda ita ke da babban keken. Kin san matan nan, ko wane irin kyau fuskar bargo ta yi, bayansa suke fara juyawa. Velma na juyawa ta zauna a kujera. Can ta ce ba matsala, gam ɗin ba na dindindin ba ne, an yi shi ne yadda za a iya ɗagawa a gyara; za ta ɓare shafin ta kife shi, ba wanda zai taɓa sani. Na ce ba za a ɓare ba, ta ɗinke shi yadda yake. Ta ce, "Delmer Pruitt, kai dai alfadari ne aka sa wa wando. Duk macen da ta zo bikin nan sai ta juya bargon nan. Abin da kake so a tuna da Ozella ke nan?" Na ce da ita tun tana budurwa bakinta ya fi almakashinta kaifi, na naɗe kayana na fito. Ta biyo ni har gindin a-kori-kura tana cewa in je in ajiye, gam ɗin wata kaɗan yake riƙewa, da kansa zai saki.

Renita, gaskiyarta a nan. Jiya na duba, kusurwa ɗaya ta fara ɗagowa.

Ba wai ban san a juye yake ba. Na sani tun ranar. Amma wannan shi ne abu na ƙarshe da tafin hannun mamanki ya shafe tana sane da ni, tana kiran sunana, tana yi mini faɗa. In Velma ta ɓare ta sake mannawa, aikin Velma ne. Ina so a ɗinke shi kafin ya saki, shi ke nan. Ki yi mata magana, ke tana jin taki.

Ki gaida kowa. Ki ce wa Shelby kakanta na nan yana gyara takalmin rawa.

Mahaifinki,
Delmer

*

Watan Maris

Renita 'yata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙarki ta iso, na karanta ta da tabarau na sake karantawa ba tabarau, duk abu ɗaya ta faɗa. Ashe ke ma bayan Velma kike. Kin ce Mama ba ta taɓa barin kuskure ya fita daga gidan nan ba, ta taɓa farke bargo guda saboda layi ɗaya ya karkace. Na sani. Ina wurin, ni na tsince zaren daga kafet.

Kin kuma ce Shelby ba za ta damu ba ko an gyara, ƙyallayen dai su ne na Mama. To wa ya san ƙyallayen? Ruwan ɗorawar nan na tsakiya, rigar da kika sa ce ranar da kika fara zuwa makaranta, kina kuka kina riƙe da ƙafar wandona. Mai ratsin shuɗi tagguwata ce, ita ce a jikina shekarar da ƙanƙarar damina ta kwantar mana da taba, mamanki ta ce in daina tsayuwa a gona kamar dogari in shigo in ci abinci. Ƙasa-ƙasan labulen kicin ne na tsohon gidanmu. Farin na gefen rigar da aka yi wa Shelby baftisma da ita ce a rafi. Da can ni da mamanki muka san wannan. Yanzu saura ni. In na ce a bar abu yadda yake, ba rigima nake nema ba, ni kaɗai nake gadi.

Tunda kun haɗa kai, na ce zan ɗinke abina. Na buɗe keken mamanki, na gwada a kan tsohon zanin gado. Mutumin da ya yi shekaru yana kwance injin tarakta yana ɗaurawa, sai ga ƙaramin keke ya mayar da ni yaro. Zare ya cukurkuɗe a ƙasa kamar sheƙar tsuntsu, allura ta karye, zanin ya tattare. Na dubi bargon, na dubi hannuwana, na rufe keken. Ba zan yi masa haka ba.

Gefe guda yanzu ya saki kamar tsawon hannu. Na shimfiɗa shi a kan gadon ɗakinki na da, na danne gefen da katako da manyan littattafan coci. Na san ba abin da zai hana. Kullum da safe sai na leƙa.

Shekaranjiya Velma ta zo da tukunyar wake da burodin masara, ta ce ba don ni ta kawo ba, don kada Ozella ta warke ta tarar an bar mata miji ya bushe. Mun ci, mun sake yin faɗan. Da za ta tafi ta ce, "Ni da kai duk 'yan karere ne. Ka kai wa mai shi ta gani mana, in ka isa." Na ce ai kuwa na isa. Ran Lahadi in an tashi coci zan kai mata.

In faɗa miki gaskiya, ba don Velma zan kai ba. Tun Kirsimeti mamanki ba ta kira sunana ba. Ina zuwa, ta yi mini murmushin da take yi wa mai kawo wasiƙu. Na ce ko in ta ga ruwan ɗorawar nan da mai ratsin shuɗin wani abu zai motsa.

Allah Ya tsare ku. Ki daina aiko mini da ƙwayoyin ƙarin lafiyan nan, akwatin ya cika.

Naki,
Baba

*

Lahadi da yamma

'Yata Renita,

Ina gaishe ki, ina fata kuna lafiya. Ni ma lafiya. Na dawo daga wurin mamanki, ko riga ban cire ba na zauna rubutu, don in na bari sai gobe ba zan iya ba.

Na same ta a ɗakin da suke zama, kusa da taga, an taje mata kai. Wata ma'aikaciya ta taya ni muka haɗa tebur biyu muka shimfiɗa bargon. Na ce, "Ozella, dubi abin da na kawo miki." Ta duba. Na sa yatsa a kan ruwan ɗorawar na ce rigar Renita ce. Ta ce madalla. Na nuna mai ratsin na ce tagguwata ce ta shekarar ƙanƙarar damina. Ta ce, "Allah sarki," irin yadda ake ce wa baƙo in yana ba da labarin da bai shafe ka ba. Babu abin da ya motsa, Renita. Ko ɗaya.

Har na fara naɗewa, sai na ga hannunta ya kai bakin bargon ya kama, ya juya bayan. Idonta bai ma bi ba tukuna, hannun ne ya yi shi kaɗai. Ta shafa, ta kanne ido, ta ɗaga gefen da ya saki ta leƙa ciki ta ga furannin. Sai muryarta ta da ta fito, wadda na yi wata da watanni ban ji ba. Ta ce, "Wace ragguwa ce ta yi wannan? Ai a juye ta manna shafin!"

Na ce wata ce mai hannu ƙwarai, ranar ne dai ta gaji.

Ta ce, "Gajiya ba hujja ba ce. Bargon wa?" Na ce na wata yarinya ce da za ta yi aure. Ta ce, "To ba za a kai wa 'yar mutane wannan ba." Kafin in buɗe baki ta miƙe tsaye ta fara ɓarewa.

Abin da na hana Velma, na hana ki, na danne da katako da littattafai, ina tsaye ina kallo tana ɗaye shi da yatsun nan nata masu lanƙwasa. Yana ɗan ƙara a hankali in yana rabuwa da audugar. Na ɗaga hannu zan riƙe ta, na mayar. Wa zan hana? Ta kai kusan tsakiya sai ta waiwayo ta ce, "Bawan Allah, kallo ka zo yi? Riƙe can." Na kama kusurwa biyu na ɗaga. Muka tafi tare, ita tana ɗayewa ni ina ja da baya. Can ta dube ni ta ce, "Kai ma ka iya. Maigidana ne gwanin riƙe kusurwa, shi ba ya fizga. Sai dai surutu."

Ban ce mata ni ne ba. Na ce na ji labarinsa, an ce taurin kai gare shi. Ta yi dariya har da riƙe tebur, ta ce, "Kamar alfadari!"

Da shafin ya rabu duka, na ga gashinta guda ɗaya fari a manne jikin audugar, da wani busasshen ganye da iska ta shigo da shi gareji ran nan. Na bar su a wurin. Ta tambayi ina gwangwanin feshin. Na ce na manto shi a gida. Ta ce maza dai duk haka suke. Sai ta zauna, ta juya ga taga, kuma da na yi mata sallama ta sake yi mini murmushin mai kawo wasiƙu.

A mota na zauna na daɗe ban tayar ba. Abin da nake gadi ya tafi, kuma mai shi ce ta ɗauke abinta. Ku kuka yi gaskiya, amma kada ki gaya wa Velma na faɗa, ni zan gaya mata da bakina in na ga dama.

Na yi magana da ma'aikaciyar. Ta ce ba a feshi a ciki saboda masu ciwon ƙirji, amma akwai rumfa a baya mai daɓen siminti, kuma mamanki ta fi zama garau kafin rana ta ɗaga. Ba ta yi mini alkawarin za ta tuna da yau ba. Ni ma ban sa rai ba.

Gobe da safe zan biya wurin Velma in karɓi sabon gwangwani, in ce ta sa zare a babban kekenta ta jira ni. In share daɓen rumfar, in kife shafin furanni na duban ƙasa, in miƙa wa mamanki gwangwanin a hannunta. In ta fesa, ta fesa. In ta kasa, in ɗora hannuna a kan nata. Daga nan in koma kusurwata in jira ta ce in riƙe.

Ki gaida Shelby, ki ce mata bargonta na zuwa, kuma duk wadda ta so ta juya bayansa.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Delmer Pruitt