Kunnena a Madadin Na'ura

Kawu,

Ka taɓa kara kunne a jikin injin da ke cin ranka? Ina gaisuwa duk da haka. Ya ƙafar Inna? Allah ya ba ta sauƙi. Ni lafiya lau, har ƙiba na yi.

Ka ce aikin lantarki ka samo min. To, ji. Ɗakin famfunan tashar lantarkinmu cike yake da tururin nukiliya, gubar da ido ba ya gani. An liƙa wa famfunan na'urori masu jin girgiza don kada mutum ya shiga. Masu arha aka sayo, tururin ya kashe su. Yanzu ni nake shiga, in dafa sukudireba a jikin famfo, in kara kunne a ƙotarta, in saurara. Oga ya ce, "Minti uku ne fa, jarumi. Rataye bajon awon gubarka a ƙusa."

Wato kada bajon ya nuna yawan gubar da na kwasa. Ya ɗauka jahili ne ni. Da kaina na koyi karatu, na karanta gargaɗin ƙofar tsaf. Gashin Dogo, abokin aikina, ya fara zubewa.

An ce mijin Yaya ma za ka turo wannan aikin. Tara gidan, karanta wannan da ƙarfi, ka amsa a gabansu: ka sani, ko ba ka sani ba?

Ɗanka.