Ta bakwai a bangon Kaka

Daren Laraba, tara ga watan Rajab

Gobe Kawu zai yaɓe ɗakin Kaka, Allah ya jiƙanta, kafin ruwa ya sauka. Na shiga kwashe tukwanenta, sai na tsaya gaban zanen nan da ta yi da farar ƙasa shekarar agana: mutum bakwai kwance a jere, ungulu na shawagi a kansu. Ina ƙarama ba na yarda in kwanta ta wajen. Kaka takan yi dariya ta ce, "Matsoraciya, matattu ba sa cizo." Sai ta kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya har shida. Ta bakwai kuwa shafa ta kawai take yi.

Sai yau na lura da tafin hannun jariri a gefenta. Innata ce, 'yar farin Kaka. Ko bayan rasuwa, kunya ba ta bar ta ta kama sunanta ba.

Ni da ba na iya ɗaga ido gaban Kawu, na ce, "Kawu, a bar mini ta ƙarshen nan."

Ya daɗe yana kallon bangon, sannan ya ce, "Ai Yayata ce. Zan kewaye ta."

Yau ta wajen na shimfiɗa tabarmata.