Wata Bakwai Kina Tafiya a Haguna

Zuwa ga Nagat, furen lemon da ke buɗewa a tsakiyar sanyi, kurciyar barandata, ruwan daɗin da na samu a bakin teku mai gishiri, matata kuma aminiyata ta shekara goma sha shida.

Sallama a gare ki gwargwadon ɗigon ruwan da ya sauka a kan Iskandariya tun ranar da kika fita, kuma har yanzu bai ɗauke ba. Ki yi haƙuri da girman haruffan nan, da layukan da suke hawa kan juna. Na kira wayarki har yatsana ya gaji, kullum a kashe. Yayarki Tahani ta ce kina gidanta a Damanhur, kina lafiya, amma ba kya son jin muryata. Shi ya sa na koma ga takarda, don ita ba a kashe ta.

Ya ke mai tafiyar da ta fi iskar asuba taushi, mai dariyar da ke sauka a zuciya kamar ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa! Shekara da shekaru ina kiran ki hasken idona, yadda kowane miji ke faɗa, ban taɓa auna nauyin maganar ba. Yau na ɗauki alƙalami zan rubuta ta, sai hannuna ya tsaya. Da wane baki zan kira ki haka, ni da na ɓoye miki duhun da ya shigo mini?

Kin tuna yadda ranar ta fara? Ɗaya ga watan Janairu, ranar da muka yi wa kanmu doka tun shekarar aurenmu ta biyu: ba fita, ba kwalliya, ba shago, ba gyaran agogon kowa a hannuna. Muka leƙa ta baranda da safe, titi ya cika da fasassun faranta da kwalaben da maƙwabta suka watso don korar tsohuwar shekara, teku kuma ta yi launin toka tana dukan bango kamar mai bin haƙƙinta. Kina sanye da tsohuwar rigar sanyina mai ɓulin gwiwar hannu, gashinki a ɗaure da ɗankwalin da ya koɗe, wallahi ban taɓa ganin amaryar da ta kai ki ba. A nan na miƙa miki agogon mahaifinki, Allah ya ji ƙansa, wanda ya tsaya tun shekarar rasuwarsa, wanda kika ba ni tun rani kika ce babu hannun da zai taɓa shi sai nawa. Kika kara shi a kunne, kika ji yana bugawa, hawaye ya zubo miki. Kika kama yatsuna kika sumbace su ɗaya bayan ɗaya, kika ce babu irinsu a duk unguwar Bahari. Wayyo Nagat! Da a lokacin ƙasa ta tsage, da na shige. Na buɗe baki zan faɗa miki, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Makram ne, abokina tun muna yara, da matarsa Samira, riƙe da tukunyar romon adas, ƙananan waken nan, a naɗe cikin tawul. Bayansu Safwat direban tasi, da jakar lemo da gasasshen dankali, yana rantsuwa cewa ko gwamna ne ya tsayar da shi yau ba zai ɗora tayarsa a kan gilasan nan ba. Kowa ya tuɓe jiƙaƙƙen takalmi ya zura silifa. Kika soya kifi da shinkafa mai jar albasa saboda su Makram suna azuminsu na Kiristoci ba sa cin nama, Safwat yana tsokanarsa wai wannan wane irin azumi ne da ake ƙara faranti na uku. Samira ta lulluɓe ƙafafunta da bargonmu tana ba ki labarin surukarta, kina dariya har kina riƙe ciki. Ɓawon lemo yana ƙonewa a kan murhu, ƙamshinsa ya cika ɗaki, tagogi sun yi gumi, ruwa yana kaɗa ganga a kan rufin baranda. Akwai aljannar duniya da ta wuce wannan? Ina zaune a tsakiyarta, kuma ni kaɗai na san cewa rabinta kawai nake gani.

Bayan cin abinci muka buɗe allon tawula, wasan da ake jefa ƙwayoyi biyu masu lamba, ni da Safwat, Makram ya ja kujera ya manne a kafaɗata. Duk jifan da aka yi, kafin ƙwayoyin su gama juyawa ya faɗi adadin da ƙarfi: shida da biyar, uku da ɗaya, huɗu biyu. Har Safwat ya gaji ya ce, “Kai Makram, kai da ba ka shiga masallaci, yaushe aka naɗa ka ladan? Bar mutum da idonsa mana.” Muka yi dariya, ni na fi kowa ƙarfin dariya. Ban san kin daina taki ba.

Sai idon Safwat ya faɗa kan agogon da ke hannunki. Bawan Allah, babu mugunta a ransa, bakinsa ne ba shi da birki. Ya ce ai ya san wannan agogon mai lotsattsen murfi, makon jiya ya gan shi a buɗe a kan teburin Usta Ramzi, mai gyaran agogo a unguwar Manshiya, da ya sauke fasinja a wurin. Na yi sauri na ce wata 'yar kusa na je aro. Kika tashi kika ce za ki dafa shayi.

Abin da ya biyo baya, Samira ce ta ba ni labarinsa jiya, don ni ban gani ba, kuma wannan shi ne dukan zancen. Ta ce kin fito da kofin gilashi ba tare da faranti ba, kika zagaya ta bayan kujera, kika tsaya a gefen haguna, kika miƙo shi dab da kumatuna. Ta ce kin tsaya a haka har aka yi jifa huɗu. Shayin yana tafasa, gilashin yana cin yatsunki, ba ki sauya hannu ba. Kowa a ɗakin yana kallon ki, ni kuma ina ta tura 'ya'yan tawula ina murna na kusa cinye Safwat. Ya ke dabinon da ke ba da inuwa ko ga mai jifan sa! Me kike ji a ranki a wannan tsayuwar? Addu'a kike yi in juyo? Sau nawa zuciyarki ta fashe kafin ki kira sunana?

Kika ce, “Wagdi.” Na juya kaina gaba ɗaya kafin na same ki, kamar yadda na koyi yi a ɓoye. Kika ce, “Tun yaushe?”

Makram ne ya amsa, kansa a ƙasa, ya ce wata bakwai, hawan jinin ido ne, na hagu ya tafi, shi ne yake raka ni wurin likita. Da ya tsaya a nan, da wataƙila kin zage ni, kin yi kuka, mun kwana a gida ɗaya. Amma ya ga fuskarki, ya so ya wanke ni, sai ya dulmiya ni. Ya ce, “Wallahi, 'yar'uwata, don ke ya ɓoye. Har cewa ya yi in na daman ya bi sahu, zai sallame ki, don kada ki ƙare rayuwarki kina jan makaho.” Na ji Samira ta buge shi a cinya, amma magana zarar bunu ce.

Kika ajiye kofin a kan allon, a hankali, ko ɗigo bai zuba ba. Ba ki ɗaga murya ba, kuma da kin ɗaga da ya fi mini sauƙi. Kika ce, “Wata bakwai ina tafiya a hagunka a bakin teku, ina nuna maka jiragen ruwa, kana cewa ka gani.” Sannan kika ce, “Ni ma agogo ce, ko? In ka ga ba za ka iya ba, sai ka miƙa wa wani.”

Kafin la'asar kin haɗa 'yar jakarki. Safwat, wanda ya rantse ba zai tuƙa mota ba, shi ya kai ki tashar jirgin ƙasa, ya dawo idonsa jawur ya ce in mare shi. Me zan mara? Ni ne na haƙa ramin, shi kawai tuntuɓe ya yi da bakinsa.

Yanzu ki saurare ni, ya ke sanyin ƙirjina, ya ke tauraruwar da masunta ke dubawa su gane hanyar gida. Ba zan ce Makram ya yi ƙarya ba. Na faɗi maganar, a kan dakalin asibiti, ranar da likita ya rufe mini idon dama da tafin hannunsa ya tambaye ni yatsu nawa ya ɗaga, na ga babu likita, babu ɗaki, babu duniya. Na fito, na tuna cewa shekara goma sha shida kina zaune da ni babu ɗa babu jika, kin san daga gare ni matsalar take, kin toshe bakin dangi, kin ce ni na ishe ki. Sai na ce a raina: na hana ta haihuwa, yanzu kuma in ɗora mata sanda? Na ɗauka wannan tunanin ƙauna ce. Kwana uku ke nan ina juya shi a ɗakin da babu ke, na gane girman kai ne ya yafa mayafin ƙauna. Ban so ki ga hantsaki yana kuskure kusa a hannuna ba. Ban so ki ga Usta Wagdi, wanda ake kawo wa agogo tun daga garin Rashid, yana lallaɓa teburinsa yana neman abin da ke gaban hancinsa. Na fi son ki ci gaba da sumbatar yatsun ƙarya da ki riƙe hannun gaskiya. Na yanke hukunci a kan rayuwarki ban tambaye ki ba, kamar ke kaya ce ba mutum ba. Wannan ne laifina, ba ciwon ba, kuma na san shi ne ya fitar da ke.

Ina jin tsoro, Nagat. Ga ta nan na rubuta, kalmar da ban taɓa faɗa miki ba. Ina tsoron ranar da zan farka in ji ɗuminki a gefena, in buɗe ido in ga babu bambanci. Ina tsoron in manta inda ɗan tabon nan yake a haɓarki, dama ne ko hagu. Wata bakwai ina satar kallon ki kina tsince shinkafa, kina shanya, kina barcin rana da bakinki a ɗan buɗe, ina tarawa kamar tururuwa mai jin ƙamshin damina. Kika ce na cika kallo kwanan nan, na ce tsufa ne. Ashe ba gara in ce miki, tsaya a gabana, ki bar ni in ƙoshi ba?

Gidan nan ya zama kango. Ban rufe allon tawula ba, ban iya cin sauran kifin ba. Tsuntsayen teku suna kuka a kan rufi kamar suna tambayata ina kike. Yaya yatsunki? Kin shafa musu wani abu? Wallahi da ana musayar fata, da na aiko miki da tawa.

Ba na roƙon ki dawo don ki ja ni. Ki dawo ki yi mini faɗan da na cancanta, ki yi kwana arba'in ba ki yi mini murmushi ba, zan ɗauka. Na yi miki alkawari a gaban Wanda ya halicci gani da ji: ba zan ƙara rufe miki wata ƙofa a cikina ba, ko ta kunya ce ko ta rauni. Kalmar rabuwa kuwa, na binne ta, in harshena ya sake ɗauko ta Allah ya ƙulle shi. In haske ya saura, naki ne. In duhu ya zo, a hannunki nake so ya same ni.

Saura magana ɗaya. Ranar Talata, tara ga wata, da ƙarfe goma na safe, za a yi mini aiki a idon dama. Likita ya ce akwai fata a tsayar da ciwon inda ya tsaya, amma bai rantse ba. A takardar asibiti akwai layin da ake rubuta sunan wanda zai karɓi marar lafiya in an fito da shi, idonsa a naɗe. Da can sunan Makram ne a wurin. Jiya na je na sa aka soke shi, na karɓi alƙalami na rubuta naki da hannuna, ban nemi izininki ba, kuma wannan ne abu na ƙarshe da zan yi a bayan idonki. In sun gama, ma'aikaciyar jinya za ta fito zaure ta kira sunanki sau uku. Ni ina kwance daga ciki, ba na ganin komai, kunnena yana bakin ƙofa.

Naki jiya, naki yau, naki har ranar da za a rufe idanun duka biyu,

Wagdi