Rigar da Na Bari a Kan Gado

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina roƙon Allah Ya yalwata miki makwanci. Hadizarki ce, daga Paris. Shekara biyu ke nan da rasuwarki. Na gaji, Inna, baya da idanu duka, shi ya sa na zo gare ki.

Kin tafi kin bar ni ina koyon zanen tufafi a Lyon. Yanzu ina ɗinki a wani ƙaramin shago, ƙarƙashin wata dattijuwa 'yar Japan, Madam Yumi. Ba ta son ado. Auduga zalla take saye, yawanci rinin shuni. Yankanta miƙaƙƙe ne, ba ta barin ƙyalle ya faɗi a banza. Aljihu babba, hannu mai faɗi. Jiya ta aike ni Lyon zaɓen yadi, ta ce in goga shi a wuyana, in ya yi kaushi in bar shi.

A jirgin dawowa ke na yi ta tunawa. Haka kike goga yadi a wuya a kasuwar Damagaram, ni kuwa ina jan mayafinki mu tafi.

Kin tuna rigar da kika ɗinka mini da zan taho Faransa? Shuɗiya, ba surfani ko kaɗan. Kika ce, "Na bar wa hammata wuri, don ki ɗaga hannu ki yi aiki." Na ce to. Ranar tafiya na ninke ta na bari a kan gado, na cika akwati da shadda da leshi. Kunya nake ji a gan ni cikin rigar talaka. Shekara huɗu muna waya, ba ki taɓa ɗauko zancen ba.

Irinta nake ɗinkawa yanzu daga safe har yamma, matan Paris suna rububi, suna cewa dabarar Japan ce. Ba ƙarya suke yi ba, Madam a wurin kakarta ta koya. Ni kuwa a ɗakinki na fara gani, ban tsaya na koya ba.

Na kira Yaya Rabi ta nemo mini ita. Ta ce an ba da ita sadaka tare da kayanki ranar bakwai.

Na yanka shuɗin yadi in ɗinka irinta. Sau uku ina farke hammatar. Madam ta nuna mini nata salon, yana da kyau, amma ba naki ba ne.

Ki yafe mini, Inna. Allah Ya jiƙan ki, Ya tufatar da ke a Aljanna. Wadda ta samu rigar kuma, Allah Ya sa ta yi mata daidai.

'Yarki,
Hadiza