Zuwa ga Ummaru, Kan Babin Kwatarkwashi da Suka Cire

Aminina Malam Ummaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda muka saba, ina roƙon Allah Ya haskaka makwancinka. Na san wasiƙar nan ba za ta same ka ba, babu direban da zan ba saƙo ya kai inda kake. Amma kai ka ja ni cikin aikin nan, don haka kai zan faɗa wa yadda ya ƙare.

Gida lafiya. Hajiya ta fita takaba, tana Damba wurin ɗanka Bashir. Damina ta yi kyau a Tsafe, ƙanenka ya noma gonarka ta bakin hanya. Ni dai gwiwa ce ta matsa mini.

Littafinka ya fito, Ummaru. Tarihin garuruwan sabuwar jiharmu, wanda ka ɗauko tun da aka raba mu da Sakkwato. An ƙaddamar da shi a Gusau. Ba a aiko mini da kati ba, a rediyo na ji. Na sa babbar riga na hau bas daga Bungudu, na tsaya a bayan zaure tare da direbobin manya, don kujeru duk da masu su. Aka yi ta kiran sunaye ana tafi. Da aka tashi na sayi littafin kamar kowane baƙo, na buɗe shi a tsaye. Babin Kwatarkwashi babu shi. Rabin shafi suka ba garin: wai akwai dutse mai tsawo, ana noma gero, mutanen wurin masu son baƙi ne. Sunana kuwa ko a shafin godiya babu, inda har mai hayar kujeru ya samu shiga.

Ka tuna yadda aka yi na rubuta babin? Ka zo Bungudu a kan tsohuwar Basfarka, ka tarar da ni a ƙofar gida, shekaru bayan an yi mini ritayar dole daga koyarwa. Na ce maka na ajiye alƙalami, ƙasar da ba ta karatu ba ta cancanci a rubuta mata komai ba. Ka yi dariya, ka kira ni Baturen Furfuri, sunan da kuka laƙaba mini a kwaleji da sunan ƙauyenmu, ka ce Bature ba ya ritaya daga surutu. Ka ce Kwatarkwashi garin mahaifiyata ne, in ban rubuta shi ba wa zai rubuta?

Rani guda na yi ina zirga-zirga. A can na samu Baba Nomau, tsoho makaho, shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka taɓa hawa dutsen su kamo tsuntsun maiki da rai su sauko da shi ana kiɗa, yadda ake yi a bikin maguzanci na da kafin a daina. Da fari ya ƙi magana. Ya ce jikokinsa ma kunyar zancen suke ji, shi kuma yanzu a sahun gaba yake sallah, me zai tono? Sai da na yi ta komawa sannan ya yarda, bisa sharaɗi ɗaya: in rubuta sunan mahaifinsa da na mazan da suka hau tare da shi, kada a ce wasu mutane. Na yi masa alkawari. Da na kawo maka babin ka karanta, ka ce shi ne ƙashin bayan littafin. Da bakinka ka faɗa.

Bayan taron Bashir ya zo har gida. Yaron kirki ne, ya durƙusa, Baba kaza Baba kaza. Ya ce Alhajin da ya karɓi shugabancin kwamitin littafin bayan rasuwarka shi ya ce a cire. Wai zamani ya canja, littafin zai shiga makarantu, bai kamata a nuna wa yara kakanninsu a wannan hali ba. Ya ce in na amince rabin shafin nan nawa ne, za a sa sunana a bugu na biyu. Na ce ya gaya wa Alhaji cewa ko Bafulatanin da ke wucewa da shanu ya san dutsen nan na da tsawo, ba ya bukatar sa hannuna.

Ummaru, ni ne zan koyi kishin addini a wurin mutumin da bai karanta babin ba, an dai ba shi labarinsa? A ina na yabi abin da aka bari? Abin da ya faru na rubuta, da yadda mutane suka bar shi da kansu. In an goge inda muka fito, da me yaro zai gane ni'imar inda muka iso?

Ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. Ban rubuta babin don jiha ba, ban rubuta don tarihi ba. Na rubuta ne don kai kaɗai ka rage a duniya da ke ganin har yanzu akwai abin da na iya. Ban gode maka ba, girman kai ya hana. Kuma akwai tambayar da ke cina: da kana raye, za ka tsaya? Na san ka da son zaman lafiya, kai ne kullum mai cewa a bari a duba. Wani lokaci na ce za ka buga tebur, wani lokaci na ce za ka zo Bungudu ka lallashe ni. Ka tafi da amsar, har na ji haushinka, Allah Ya yafe mini.

To ka ji abin da na yi. Kwafin da na ajiye na kai wa wani mai keken rubutu kusa da tashar Gusau, ya buga, aka gurza mini kwafi da yawa a inji, na ɗinke da zare da hannuna. Takardar ba ta da kyau, tawada ta zuba a wasu shafuka. Ranar kasuwa na tafi Kwatarkwashi, na zauna a ƙofar Baba Nomau na karanta masa da ƙarfi. Mutane suka taru, har da jikokin nan masu jin kunya. Da na kai sunan mahaifinsa ya ɗaga hannu ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya shafa takardar da tafin hannunsa, ya tambaya ko yanzu sunan ya zauna ke nan. Na ce ya zauna.

Sauran kwafin suna cikin jakata, duk malamin makarantar da na haɗu da shi sai na ba shi ɗaya. Su riƙe littafinsu mai sheƙi. A bangon nawa na sa sunanka a sama, nawa a ƙasa. Ban nemi izininka ba, kamar yadda ba su nemi nawa ba. In kana da ƙorafi, ka ajiye shi, ina nan tafe.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa mu haɗu a inda ba a cire sunan kowa.

Naka har kullum,
Bawa, Baturen Furfuri