Lamba Goma da Lamba Ashirin

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
Na kawo suwic ɗin da malaminmu na Adabraka ya ara mini. Akwati ne mai kafofi takwas, kowane sashe na gidanmu na Nima zai samu intanet ta kafa ɗaya. Abin da ya hana ni sakat shi ne VLAN. Wai waya ɗaya ta ɗauki saƙon kowa, amma a liƙa wa kowane saƙo lamba, mai goma ba ya ganin mai ashirin ko da kafaɗarsu na gogar juna. Ta yaya? Sai na gani da idona.

Laraba, 9 ga Oktoba
Yaya Muftahu ya kira daga Italiya. Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye muka sa kyamara a ɗakinsa. Yaya ya ce bai dace 'yan haya su iya leƙa tsohonmu yana kwance ba. Gaskiyarsa. Kuma ga dalilin gwaji ya faɗo mini a sama.

Asabar, 12 ga Oktoba
Ya yi aiki! 'Yan gida da kyamara lamba goma, 'yan haya ashirin. Na haƙa wa Yaya rami kuma, haka malam ke kiransa: a naɗe saƙonmu cikin wani saƙon, ya ratsa duniya, a kwance shi a wayarsa kamar yana tsakar gida. Ya ga Baba yana shan koko. Ni kuwa sai kallon fitilun suwic nake yi suna ƙyafta ido, ina tunanin wane saƙo ne ke wucewa yanzu.

Litinin, 14 ga Oktoba
Mma Barikisu, mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a ƙofar gida. Haya take yi a nan tun kafin a haife ni. Ta tare ni: "Zuhura, wayana ba ya nuna Baba kuraa, ko kaɗan. Ki duba mini." Ashe jingine wayar take yi jikin tukunya, tana zuba shinkafa tana kallonsa. Na ce tsari ne, Mma, yanzu 'yan haya daban. Ta ce, "Yoo, na ji." Ta miƙo mini waakye a ganye har da ƙwai.

Laraba, 16 ga Oktoba
Baba ya faɗo daga gado da azahar. Ina aji, wayata a jaka. Yaya yana wurin aiki. Kyamara ta nuna komai, babu mai kallo. Sai da Mma ta ji jikinta bai ba ta ba, ta bar tukunya ta shiga, ta same shi a ƙasa, goshi a fashe. Ita ta tsayar da tasi zuwa asibiti, da zanin aikinta.
Na ji tsoro. 

Alhamis, 17 ga Oktoba
An ɗinke goshin, ƙashi bai karye ba. Alhamdulillahi.
Da ya farka, sunan Mma ya fara kira.

Juma'a, 18 ga Oktoba
Na tambayi malam ko suwic na iya gane wanda ya kamata ya ga me. Ya yi dariya, ya ce lambar da kika ba shi kawai ya sani.
Bayan la'asar na mayar da kafa ta bakwai, ta ɗakin Mma, zuwa goma. Siginar ɗakin tana kaiwa ƙofar gida. Gyaran tsari ne kawai, ba wani abu ba. Ban faɗa wa Yaya ba tukuna, kuma ba shawararsa zan nema ba.
Na kai mata wayarta da na karɓa don gwadawa. Ta daɗe tana kallon Baba yana barci, ta goge gilashin da bakin zaninta.
"An rufe shi bai kai ƙafa ba," ta ce. "Riƙe mini ludayi."