Ku Kira Masu Dama Kunun Kanwa

Zuwa ga Malama shugabar ɗakin awon ciki na asibitin unguwarmu, Illela.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da aiki. Ni ce Inna Kulu, tsohuwar da ke zama kan bencin ƙofarku ranar awo tana tsokanar ma'aikatanki. Yau ƙara na kawo, kuma har da ni cikin masu laifi.

Na ɗaya. Jikata Saratu ta haihu bayan ƙaramar salla. Na yi mata jego yadda anka yi mini: wankan ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa kwano cike. Kafin arba'in ƙafafunta sunka kumbura, in ta kwanta numfashi ya gagare ta. Ni kuwa na ƙara kanwa!

Na biyu. Da munka kai ta Sakkwato, likita ya ɗora mata na'ura a ƙirji, ya ce in matso. Malama, kaji nawa na gyara a rayuwata, amma ban taɓa ganin zuciya tana bakin aikinta ba sai ranar. Ya ce naman zuciya 'yan zaruruwa ne masu rai, ido ba ya ganinsu, kuma kowane yana jin nauyin da anka ɗora masa. In jini ya ƙaru, su miƙe su ƙara matsawa. In nauyin ya daɗe, su yi tsawo su saki, kamar robar ɗaure kaya a bayan babur. Allahu Akbar! Nama ba ido ba kunne, mi ya sanar da shi an ƙara masa kaya? Zuciyar Saratu ta buɗe, tana matsawa da ƙyar, amma ko sau ɗaya ba ta tsaya ba.

Likitan ya ce ba kunu kaɗai ba ne, ciki da haihuwa sun raunana zuciyar. Sai dai kanwa tana tara ruwa a jiki, zafin wanka kuma yana sa zuciya gudu.

Na uku, ga laifinku. Ashe kun gargaɗi Saratu kan kanwa tun wajen awo. Ta faɗa mini, na ɗauka wasan jika da kaka ne, na ce ragwanci ke damunta. Kuna yi wa mai sha bayani a ɗaki, mai damawa tana waje kan benci!

Roƙona, ku sa wa kakanni ranarsu. Ku nuna mana hoton zuciyar nan tana motsi, don tsohuwa ba ta jin takarda. Ku riƙa duba numfashin mai jego kafin arba'in.

Saratu tana kan magani, kumburin ya fara sauka. Amma ƙanwarta Balki watanta ya kusa, surukarta ta riga ta sayo kanwa daga Ƙonni, kuma ta ce tsufa ne ya ruɗa ni. Ke ki kira surukar, ni zan rako ta.

Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya saka miki da alheri.

Wassalam,
Inna Kulu.